Koriyar Ƙofar Fresia

Duk wanda ya taɓa shiga bene na tara a Villa Las Tencas ya san ƙofar Señora Fresia, hawa na biyu, hannun hagu. Ƙofofin kowa ruwan ƙasa ne, yadda gwamnati ta raba mana su, tata kaɗai ce koriya shar. Marigayi mijinta ne ya kwaso ragowar fenti daga garejin bas ɗin da yake wa aiki ya shafa mata, bai ƙarasa gefen ƙasa ba ya ce bayansa na ciwo. Shekara goma sha tara ke nan. Bayan nasa ya huta tuni, gefen ƙasan kuwa yana nan yadda ya bar shi.

Ban da ƙofar nan, abin taƙamar Fresia ɗaya ne a duniya: jikarta Maite, 'yar shekara biyar. Ɗanta Patricio yana can arewa wurin haƙar jan ƙarfe, kuma sun rabu da uwar yarinyar, Yasna, ba tare da an fasa faranti ko ɗaya ba. Yasna tana aiki a kantin magani har ranar Asabar, don haka duk Asabar da safe sai ta hau bas ta kawo Maite, da yamma ta biyo ta ɗauke ta. Yarinyar ba ta san lambar gida ba, launi ta sani. Da an sauka daga bas sai ta ƙwace hannunta ta ruga tana ihun "Gidan kore! Gidan kore!" Fresia kuwa tun Alhamis take ajiye fiya a cikin jarida don ta nuna daidai ranar.

To, cikin watan Afrilu sai labari ya zo cewa 'yan talabijin za su zo ɗaukar wasan kwaikwayo a unguwar. Sun yi magana da ƙungiyar maƙwabta, sun yi alkawarin gyara injin ruwa, an sa hannu a takarda. Ai ranar babu wanda ya zauna. Kwana uku ana gurzar matakala. Aka share fili, aka shafa wa gindin bishiyoyi farar ƙasa, aka hana kowa shanya ɗan kamfai a baranda. Eduvigis, maƙwabciyar Fresia ta ƙofa da ƙofa, wadda bakinta bai taɓa hutun Lahadi ba, har kare ta kama ta wanke, kuma ba nata ba ne.

Da 'yan fim ɗin suka iso, shugabarsu wata doguwar budurwa ce mai suna Paz, da waya manne a kunne. Ta sauko daga mota, ta dubi hagu, ta dubi dama, sai ta dafe kai.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Eduvigis ta gyara tsayuwa. "Mu ne, 'yata. Ba sai kin gode ba."

"Wayyo Allah. Kun ɓata mana wurin."

Aka yi ta kallon juna. Ba a gama kallon ba sai ga babbar mota ta shigo da baya, aka buɗe ta, ashe shara ce cike fal. Buhunan leda baƙaƙe, tsohuwar kujera mai hanji a waje, tayoyi, keken jariri ƙafa uku. Samari suka riƙa saukewa suna jerawa, Paz na duba takarda tana cewa, "Wancan matsar da shi dama kaɗan." Wani ya bi bango da abin feshi yana sa masa datti. Aka kwashe tukwanen furannin Fresia aka ɓoye bayan bene, aka shanya tsummokara a inda muka hana shanya. Don Heriberto, tsohon direba, mutumin da tun da ya shiga coci ko ruwan inabin biki bai ƙara ɗanɗanawa ba, aka zaunar da shi a matakala da kwalba a hannu. Shayi ne a ciki, da idonmu muka ga an zuba.

Can Paz ta hau hawa na biyu, ta tsaya cak.

"Wannan ƙofar ta wace ce?"

"Tawa ce," in ji Fresia, tana goge hannu a jikin riga.

"Kaka, ƙofarki ta yi. Kada ki taɓa ta. Har wannan gefen da ba a ƙarasa ba, kada ki taɓa."

Fresia ba ta son baƙo ya kira ta Kaka, amma ranar ta yafe. Shekara goma sha tara ba wanda ya yaba ƙofar nan sai yarinya, yau ga 'yar boko daga cikin gari ta yaba. Sati biyu suka yi suna buɗe ta suna rufewa, ba su taɓa shiga ciki ba. Da suka gama suka tattara shararsu tsaf, suka ƙirga, suka wanke bango, suka tafi.

Cikin sanyin Yuli aka fara nuna wasan, kullum daidai lokacin shan shayin yamma. Sunansa Ramin Ɓeraye. Sun canja wa unguwar suna, amma wa za a ruɗa? Ga tankin ruwanmu, ga tashar ƙarshe ta bas. Fresia da Eduvigis suka zauna da burodi da fiya, suna zungurar juna. Sai ga matakala, duhu-duhu, kiɗa mai tayar da hankali. Sai ga Don Heriberto a yashe kamar buhu. Sai ga koriyar ƙofa.

"Ga ki nan, tauraruwa!" in ji Eduvigis.

Ƙofar ta buɗe. Wani ƙato mai ido ɗaya, da tabo tun daga gira har haɓa, ya leƙo. A bayansa ga ɗaki mai jan fitila, ga bindigogi a kan tebur, ga wani an ɗaure a kujera yana kuka.

Fresia ta ajiye kofi. Ta juya ta dubi teburinta. Leda mai zanen furanni ce shimfiɗe a kai, da gwangwanin sukari. Ta sake duban talabijin. Ta tashi, ta fita, ta rufe ƙofar, ta tsaya a waje, sannan ta buɗe a hankali ta leƙa. Eduvigis ce zaune tana lashe cokali.

"Kin same su?"

"Maƙwabciya, wannan ɗakin na wa ne?"

"Can suka gina shi a wurinsu, ke ma dai. Zauna, za su yanke masa kunne."

Ta zauna. Ta san wasa ne, ai ba yarinya ba ce. Amma daga ranar sai ta tsinci kanta tana murza makulli sau biyu. In za ta sauka matakalar da ta gurza da hannunta, sai ta ji kiɗan nan a cikin kanta, ta waiga. Ta gamu da Don Heriberto yana dawowa daga coci da littafinsa a hammata, ta gaishe shi, amma sai da ta ɗan shinshina iskar da ya wuce. Shi ma bawan Allah fastonsu ya kira shi gefe har sau biyu. Mai gas da ke buga tukwane da ƙarfe tun daga kwana ya daina shigowa, sai dai ya tsaya a bakin titi ya buga, kowa ya sauka ya jawo tasa. Ƙanwar Eduvigis ta bugo waya daga kudu tana kuka, wai ta tattara ta dawo gida kafin a kashe ta.

Abin haushin kuma, wasan da daɗi. Ba mai tsallake ko kwana ɗaya.

Wata Juma'a, fiya ta nuna luguf, waya ta yi ƙara. Yasna ce.

"Mama, gobe ba zan kawo Maite ba."

"Ba ta da lafiya?"

"Lafiyarta lau. Mama, kin tuna hoton da na ɗauke ku a bakin ƙofa? An ce kowane yaro ya kai hoton gidan kakarsa makaranta. An manna a bango. Iyaye mata suka zo ɗaukar yara suka gani."

"To? Ai na yi kyau a ciki."

"Cewa suke ke ce uwar Mai Ido Ɗaya. Bikin zagayowar ranar haihuwa biyu aka yi, an gayyaci ajin duka ban da ita. Jiya ta dawo tana tambayata me ya sa."

Fresia ta nemi kujera. "Yasna, wasa ne fa. Sharar ma da ita suka zo."

"Na san wasa ne. Amma ai ba za su zaɓi wurin a banza ba."

"Ke! A bene na huɗu aka haife ki. A matakalar nan kika zubar da haƙoran gaba. Ni na ba ki ruwan gishiri."

"Lokacinmu daban, Mama. Yanzu wurin ya lalace."

"Satin jiya fa kika zo."

"Da safe nake zuwa, na ajiye ta na juya. Me na sani?"

Fresia ta ajiye waya. Ita ma da take kwana a ciki, ba ta gama tabbata me ta sani ba.

Asabar uku suka wuce. Fiyar farko ta cinye, ta biyu ta ba Eduvigis, ta uku ta ruɓe a cikin jarida. A waya Maite ta ce mata, "Kaka, mutumin yana gidanki? Yana cin burodina?" Ranar Fresia ta je ta sayo fenti ruwan ƙasa. Ta buɗe gwangwanin, ta tsoma buroshi, sai ga shugaban ƙungiya a guje yana haki: takardar da aka sa wa hannu ta ce ba a taɓa ƙofar sai an ɗauki kashi na biyu, in ba haka ba a manta da injin ruwa. Ta tsaya da buroshi yana ɗiga a silifas ɗinta. Ƙofar tata ce, amma ba ta da ikon shafa mata fenti. Kuma in ta shafa, yarinyar da launi kawai ta sani, ta yaya za ta gane gidan?

Eduvigis ce ta kawo dabara. "Ki ce wa Yasna, 'yar gidan Fuentes ɗin nan, ta zo ta zauna ta sha shayi, ta wuni, ta ga da idonta. Mai ido biyu ce ita, ba kamar ɗanki na talabijin ba."

Sai da Fresia ta kira sau huɗu kafin Yasna ta yarda. Asabar, ƙarfe huɗu, tare da Maite, awa ɗaya tak. Bene na tara ya sake tashi tsaye. Aka gurji matakala, aka jera furanni, karen nan da ya hango Eduvigis da bokiti ya bar unguwar.

Asabar da hantsi Fresia tana yanka burodi ta ji ƙarar mota mai ja da baya. Ta san ƙarar. Ta leƙa ta taga, wuƙa a hannu. Kujera mai hanji a waje ce ta fara saukowa.

Ta sauka matakala yadda ba ta sauka ba tun tana amarya. "Paz! 'Yata, don girman Allah, ba yau ba. Gobe. Jibi. Ku zo ku yi wata guda, ni zan dafa muku."

"Kaka, an sanar da ƙungiya tun Litinin."

"Ƙungiyar ba ta da jika!"

"Kafin magariba mun gama, wallahi. Kai, ku ɗauke tukwanen nan!"

Wannan karon har da ƙari. Suka lulluɓe bakin matakala da baƙin yadi tun daga hawa na uku har ƙasa, wai dare suke so, ga rana tsaka. Suka kunna wani inji mai aman hayaƙi. Fresia ta kira Yasna ta ce ta bari sai wani satin, wayar a kashe. Ta koma sama, ta sauko, ta sake hawa. Ta ɗora ruwan shayi ta manta ba ta kunna wuta ba. Don Heriberto ya zo da kwalbarsa, kansa a ƙasa, ya ce shi ma injin ruwa ne ya kawo shi.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci bas ya tsaya. Fresia ta hango su daga baranda: Yasna da jakar aiki, Maite da jan hula. Suka shigo kwana, Yasna ta tsaya kamar an dasa ta. Shara har gwiwa, hayaƙi, samari uku da bindigogi, ga Mai Ido Ɗaya kansa a bakin duhu yana daka wa wani tsawa. Masu kyamara suna can cikin baƙin yadi, ba a ganinsu daga titi. Yasna ta sunkuci yarinyar ta juya.

"Gidan kore!" Maite ta yi ihu, tana miƙa hannu ta bayan kafaɗar uwarta.

Fresia ba ta san lokacin da ta sauko ba. Ta ratsa duhun rana tsaka, ta ture ƙaton da gwiwar hannu, ta bi ta tsakanin bindigogi. Wani ya yi ihun a tsaya, wani ya ce a ci gaba. Ta sunkuya ta finciko buhun shara guda, ya taso mata sakayau kamar matashin kai, har ta kusa faɗuwa da baya. Ta bi Yasna da shi.

"Tsaya nan! Shinshina."

"Mama, ki rufa mana asiri, mutane na..."

"Na ce shinshina! Kin tuna shekarar da masu kwashe shara suka yi yajin aiki, kina 'yar shekara goma? Kin san warin shara ko ba ki sani ba?"

Ta kai mata buhun har hanci. Yasna ta kau da kai, sannan ta dawo da shi a hankali. Ta ja iska. Ta sake ja. Fresia ta sa farce ta farke ledar, gutsattsarin soso da jarida mai tsabta suka zubo. A gindin buhun ga farar takarda an manna, an rubuta 47.

"Kaka! Wannan na aro ne!" in ji Paz daga nesa.

Yasna ta dubi lambar, ta dubi filin. Babu ƙuda ko ɗaya. Ta sauke Maite ƙasa ba tare da ta sani ba, yarinyar kuwa ta arce sai matakala. A bakin duhu ta ci karo da ƙafafun ƙaton. Ya durƙusa, ya ɗaga abin da ya rufe idonsa, ga ido nan lafiya lau yana ƙyaftawa.

"Sannu, 'yar ƙanwata. Ke ce mai gidan?"

"Kai ne kake cin burodina?"

"Ban taɓa shiga ba, ranki ya daɗe. Ba a gayyace ni ba."

Haka aka yi Mai Ido Ɗaya ya shiga koriyar ƙofa karon farko. Sunansa Gonzalo, ba ya cin nama, kuma sai da ya goge ƙafa sau uku ya ce "da izini." Ya sha shayi kofi biyu, gefen tabonsa ya ɓamɓare da tururi, Maite ta danna masa shi da yatsa. Yasna ta yi ta juya cokali a kofi. Can ta ciro waya, kunya kamar ta nutse, ta ce ko zai yarda a yi hoto, don abokan aikinta. Fresia ce ta ɗauka. Ta yanke musu kawuna a hoton, aka sake.

A waje kuma Paz ta ce abin da tsohuwa ta yi da buhun ya yi kyau ƙwarai, ko za ta maimaita, amma da ihu? Fresia ta ce ko a mafarki. Kafin a rufe baki Eduvigis ta cire ɗankunne ta ce ita a shirye take. Buhu shida ta farke.

Da ƙaton ya fita, Yasna ta tura Maite wanke hannu, ta matso da kujera.

"Zan riƙa kawo ta, Mama. Amma da sharaɗi."

"Faɗi."

"Zan nuna wa matan nan hotona da shi. Zan ce wurin ɗaukar fim muka kai ku yawo, ke da ita. Ƙofar ta wasa ce, ba gidan kowa ba ne. Ke kuma a unguwar La Florida kike, kusa da gidan gwaggona."

"A La Florida."

"Adireshin da nake bayarwa ke nan tun ina neman aiki. Shekara goma sha biyu, ba wanda ya taɓa tambaya."

Fresia ta dubi ƙofar daga ciki, inda ba a shafa mata komai ba. "To ai yanzu kin gani da idonki. Sharar ƙarya ce."

"Na gani. Su ba su gani ba. Kuma ba zan iya kai musu buhu ɗaya-ɗaya su shinshina ba."

"Watau sharar ƙarya a bar ta a gaske, ƙofar gaske a ce ƙarya ce."

"Mama, bikin Isidora 'yar ajinsu saura sati biyu. Kina so a gayyace ta ko ba kya so?"

Fresia ta so ta yi fushi, ta rasa da wa za ta yi. Ta ji ƙarar famfo, Maite na waƙa tana ɓarnar sabulu. Ta ce to.

Da yamma aka yaye baƙin yadi, rana ta dawo na ɗan lokaci kafin ta faɗi da gaske. Suka tattara shararsu, suka ƙirga, bakwai ba su cika ba. Eduvigis ta zo jin labari tana sheƙi, ta tambaya wa ya ci nasara. Fresia ta ce ta tambayi Yasna, ita kanta ciwo yake. Gwangwanin fenti ruwan ƙasa yana ƙarƙashin gado har yau, ba ta mayar ba, ba ta shafa ba.

Asabar ta zagayo. Bas ya tsaya, Fresia ta kasa kunne, ba ta ji ihun da ta saba ji ba. Sai ƙananan takun ƙafa a matakala, sai ƙwanƙwasa a hankali. Ta buɗe. Maite na tsaye, ta leƙa hagu ta leƙa dama, ta sa hannu a baki ta yi raɗa.

"Kaka, Mama ta ce sirri ne. Nan gidan gaske ne ko na wasa?"

Fresia ta juya ta dubi ɗakin: ledar furanni, gwangwanin sukari, talabijin a kashe da ƙyalle a kai. Ta dubi gefen ƙofar da tsohon bai ƙarasa ba.

"Shigo ki ci burodi da fiya," ta ce. "In kin ƙoshi ki gaya mini, ni ma ina son in sani."